Ranar da Bashir Ya Zuba wa Fanel Ruwa

Ina kan rufin wani gida a Karmo, nan Abuja, ina ɗaure waya, wayar aljihuna ta yi ƙara. Da na leƙa na ga sunan Habiba, sai na zauna a kan kwanon na ɗaga.

"Baba," ta ce. Ina jin takun mutane a bayanta. "Baffa Bashir ya cika. Yanzun nan."

Na yi salati. Na sake yi. Sannan na ce, "Ke kina ina?"

"Ina wurinsa. Tun shekaranjiya ina asibitin."

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don saboda shi na ɗauki biro. Kafin baƙin cikin mutuwar ƙanina ya iso zuciyata, wani abu ya riga shi isowa. Na ce a raina, ashe tana wurinsa. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya yana kwance ko sanyi bai yi ba, ni kuma ina kan kwanon mutane ina kishinsa. Na san ba shi da lafiya, an gaya mini tun farkon mako, na ce zan je in na gama aikin Karmo. Bulus, abokin aikina na shekara da shekaru, shi ya riƙe mini tsani na sauko.

Ku 'ya'yana, Nura da Sadiƙu, ƙannen Habiba, kun taso kun ga ni da Baffanku ba ma zama tabarma ɗaya sai da dalili. Na san dangi sun ce muku a kan gidan gadonmu na Funtuwa ne. Ba haka ba ne. Ko ranar da aka raba gadon ba mu ɗaga wa juna murya ba. Abin da ya shiga tsakaninmu a kan rufin wata mai sayar da ƙanƙara ya faru, a Nyanya, shekarar da Habiba ta cika sha shida, kuma laifin nawa ne.

Na girmi Bashir da shekara bakwai. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, na tafi koyon aikin wayarin, wato haɗa wutar lantarki. Wasu suna cewa don shi na bar makaranta. Ina jin daɗin maganar in an faɗa, amma gaskiya kaina ne bai ɗauki karatu ba, hannuna ya ɗauka. Shi kuwa ya yi ta tafiya har ya zama dakta a ilimin Fiziks, ya samu aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya. Da ya fara zuwa Abuja, a ɗakina na Nyanya ya sauka, ya yi watanni yana kwana a tabarma, yana fita da asuba ya bi layin mota zuwa cikin gari. Ba wanda ya kai ni alfahari da shi a lokacin. Duk wanda ya zo shagona sai na gaya masa ƙanina dakta ne, amma ba na allura ba.

Da aka fara yayin sola, ina cikin waɗanda suka fara shiga aikin a unguwarmu. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. A wani sito a Idu muke sayen fanel, wato farantan da ake shimfiɗa wa rana, sai in tsaya ina kallon yadda suke haɗa na gwaji, in dawo in yi irinsa. Abu ɗaya na riƙe a kaina kamar karatun sallah: zafin rana ne yake zama wuta. Haka kowa yake faɗi a kasuwa. Saboda haka nakan manne fanel da kwanon rufi, ba ko tazarar yatsa, don ya sha zafin sama ya sha na kwano. Akwai gidan da har baƙin fenti na shafa wa kwanon. Abin da na koya wa Bulus ke nan, kuma abin da na koya wa Habiba ke nan.

Habiba tun tana 'yar shekara goma take bin mu aiki ranar Asabar. Ita ke riƙe mita, ƙaramar na'urar da muke auna ƙarfin wuta, tana karanto mana lamba daga inda take. Maza biyu na haifa bayanta, amma babu wanda ya taɓa tambayata me ya sa jar waya take nan baƙa take can, sai ita. Mamanku ta yi faɗa har ta gaji, wai 'ya mace a kan tsani. Ni kuwa in na ji ta ce, "Babana ya ce," a gaban ƙawayenta, ji nake duk Abuja ba wanda ya fi ni.

"Oga," Bulus yakan ce da irin Hausarsa ta mutanen Filato, "wannan yarinya shi ne zai gaje ka. Mazan nan biyu sai ƙwallo."

A watan da aka fi zafi a shekarar, Madam Rifkatu mai ƙanƙara da kunun aya a bayan tasha ta aiko kirana karo na uku. Ni na haɗa mata sola. Ta ce a lokacin sanyi firjinta yana kaiwa dare, yanzu da rana ta fi ƙarfi, batir ba ya cika, kafin magariba ƙanƙara ta zama ruwa. Na zagi batir, na canja shi. Na zagi waya, na canja ta. Abin ya ɗaure mini kai, don a lissafina watan nan ya kamata wuta ta yi mata yawa. Ranar Asabar ɗin muna shirin fita sai ga Bashir ya zo gaishe ni, cikin farin kaftani. Ya ce bari ya rage mana hanya a motarsa. Da muka isa, maimakon ya juya, sai ya naɗe hannun riga ya biyo mu tsani, yana hawa yana salati.

Ya taɓa fanel ya janye hannu da sauri. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Yaya, me ya sa aka manne shi da kwano?"

"Don ya sha zafi," na ce.

Ya gyara durƙuso. Yanzu na gane a lokacin yana neman yadda zai faɗa ne ba tare da ya taɓa ni ba. Bai samu ba.

"Yaya, ba zafin rana yake ci ba. Haskenta yake ci. Zafin ma cutar da shi yake yi."

"Shekara nawa ka yi kana hawa rufi, Bashir?"

"Ko ɗaya," ya ce yana dariya. "Yau ne na farko, kuma gwiwoyina rawa suke. Amma a miƙo mini buta."

Aka miƙo buta daga ƙasa. Bulus ya ce, "Dakta, gilashi zai fashe fa." Bashir ya ce a hankali zai zuba. Ya sa Habiba ta ɗora mita ta zuba mata ido. Ya fara tsiyaya ruwa daga saman fanel, ruwan yana gangarowa yana tururi.

"Baba, ya hau!" Habiba ta yi ihu. "Baffa, ƙara zubawa, yana hawa!"

Ni ta fara kira, shi ta kira na biyu. Daga ranar kuwa sai aka juya.

Ta tambaye shi dalili, ya zauna a kan kwanon nan mai zafi da farin kaftaninsa ya shiga yi mata bayani. Zan rubuta shi yadda na riƙe, don ko kalma ɗaya ban manta ba, duk da na juya musu baya ina yi kamar ina duba noti.

"Kin ga yadda Mamanki take sheƙa gero? Haka haske yake saukowa, ƙwaya-ƙwaya, ba kamar ruwan famfo ba. Ƙanƙantarsu da yawansu ne ya sa ido ba ya rabe su. Kowace ƙwaya da ɗan ƙarfinta, gwargwadon launinta, shuɗiya ta fi ja ƙarfi. A cikin farantin nan kuma akwai wasu ƙananan abubuwa a zaune, ana ce musu ilektiron. Ƙwayar haske ɗaya za ta bugi ɗaya, ta tashe shi daga mazauninsa, ya bi waya. Gudun da suke yi a waya shi ne wutar da Yaya yake ba mutane."

"To zafi fa, Baffa?"

"Ɗumin da kike ji in kin tsaya kusa da tanderun burodi, shi ma wani irin haske ne da ido ba ya gani. Amma ƙwayoyinsa raunana ne. Ko buhu dubu kika zuba, ba za su tashi ilektiron ko guda ba, don ba taron dangi ake yi masa ba, ɗaya da ɗaya ne. In farantin ya yi zafi kuma, waɗanda aka tasa ɗin sai su rikice, da yawa su koma su zauna kafin su kai waya."

Bulus ya tafa hannu. "Oga, wato shekara uku muna gasa fanel kamar tsire!"

Madam Rifkatu tana ƙasa ta kare ido da tafin hannu tana jin komai. Ta ɗaga murya ta ce, "Oga Isyaku, ashe Dakta ya kamata na kira tun farko!"

Wasa take yi, kowa ya yi dariya, har Habiba. Bashir ya dubi fuskata ya ga abin da ke ciki, ya yi sauri ya ce, "A'a, Madam, Yaya ne mai aikin, ni baki kawai gare ni." Wannan ta fi komai ƙona ni. Da ya yi mini dariya kamar sauran, da wataƙila na huce kafin la'asar. Amma ya tausaya mini a gaban 'yata.

Bayan wannan, Habiba ta roƙi a bar ta ta riƙa zuwa gidan Baffanta wata Asabar ɗin, ya taimaka mata da karatu. Ban ga hanyar hanawa ba. Wata Asabar ta zama kowace Asabar. Sai ta dawo da yamma da littattafai a jaka, bakinta cike da shi. Baffa ya ce, Baffa ya nuna mini, Baffa ya tambaye ni na amsa. Wata rana muna cin tuwo ta aje loma ta dube ni, idonta yana ƙyalli.

"Baba, ka san duk abin da ke duniya ƙarfi huɗu ne ke riƙe da shi? Ɗaya shi ke jan mu ƙasa, shi ya sa in ka saki filaya take faɗuwa. Biyu suna ɓoye a can cikin ƙwayar zarra, da su rana take ci. Na huɗun kuwa shi ne na lantarki da maganaɗisu. Naka ke nan, Baba. Kullum da shi kake aiki."

Kyauta ta kawo mini. Sai yanzu na gane. A lokacin abin da na ji shi ne ƙanina ya ɗauki sana'ata ya wanke ta, ya aiko 'yata ta miƙo mini.

"Allah ne ke riƙe da duniya," na ce. "Ci tuwonki."

"Baffa ma haka ya ce. Ya ce waɗannan igiyoyin da Ya ɗaure ta da su ne."

Na wanke hannu na tashi. Mamanku ta biyo ni ɗaki da kofin ruwa, ta aje, ta tsaya.

"Malam, kishi kake yi da ƙaninka."

"Kishi na mata ne," na ce.

"To ka aro, kuma ya yi maka daidai."

Ga abin da na yi wanda ya fi wancan muni. Ranar wata Talata, Habiba tana makaranta, na ɗauki Bulus muka koma wurin Madam Rifkatu. Muka cire fanel, muka kafa ƙarfe, muka ɗaga su tazarar tafin hannu daga kwano don iska ta riƙa ratsawa. Ƙanƙararta ta daina narkewa. Daga nan na bi duk gidajen da na taɓa yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, ina ce musu gyaran shekara ne. Kafin damina ta wuce, sunana ya zaga Nyanya har Karmo, ana cewa solar Isyaku ta fi ta kowa ƙarfi. Ban taɓa ɗaga waya na ce wa Bashir ka yi gaskiya ba. Wata rana wani Alhaji ya zo shago ya tambaye ni yadda na gano dabarar ɗaga fanel.

"Shekaru ne, Alhaji," na ce. "Irin wannan ba a koyar da shi a jami'a."

Na manta Habiba tana bayan kanta tana naɗe waya. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kanta ƙasa ta ci gaba da naɗi. Ba ta ce komai ba, ranar ko bayanta. Na gwammace a ce ta yi magana.

Wajen ƙarshen shekarar, wata Juma'a bayan la'asar, Bashir ya zo shagona. Ya sha gosulon Nyanya na awa biyu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya zauna a kan kwalin batir.

"Yaya, na sayi fanel shida a Idu. Ina so kai za ka ɗora mini a gida. Habiba ta riƙe mita, ni in riƙe tsani, in koyi abin da ban iya ba. Ko waya biyu ban iya haɗawa ba, ka sani."

Na san yanzu hanya ya zo ya buɗe mini. A lokacin sadaka na gani.

"Abuja cike take da injiniyoyi masu takarda," na ce.

"Ba su nake so ba."

"Ka riga ka karɓi 'yar. Ka bar mini sana'ar."

Bulus da ke bakin ƙofa ya tashi ya tafi sayen ruwan da ba wanda ya aike shi.

"Yaya, Habiba 'yarka ce. Duk abin da na gaya mata, maganarta ta farko ita ce bari ta je ta gaya wa Baba."

"Shi ne na gaji da ji. Na gaji da 'Baffa ya ce' a gidana."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Ya tafi. Ban raka shi mota ba.

Da na koma gida na ce wa Habiba daga yau ba ta ƙara zuwa gidan Baffanta sai da Sallah. Na shirya jin kuka ko gardama. Ta ce, "To, Baba." Shi ke nan. Na ɗauka na dawo da ita. Asabar ta zo, na ɗauki jakar aiki na tsaya a tsakar gida, ita kuma ta fito da bokitin wanki ta zauna. Ba ta je wurinsa ba, ba ta kuma sake hawa tsanina ba. Na hana ta shi, ban samu komai ba. Da ta shiga jami'a, Fiziks ɗin ta karanta, ta koma wurinsa da ƙafarta, ba ni kuma da bakin hanawa. Yau ita ke koyar da 'ya'yan mutane abin da ya koya mata a kan kwano.

Shekara tara muka yi a haka ni da shi. Da Sallah yakan zo da iyalinsa, ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa, mu yi maganar ruwa da ta tsadar kaya. A biki da jana'iza mu tsaya sahu ɗaya. Bai ƙara tada maganar fanel ba, ni kuma na ɗauka tuni ya kira masu takardar sun ɗora masa. Sau da yawa na yi niyyar magana. Kullum sai in ce bari sai wata Sallar.

Rana ta uku da rasuwarsa muna zaman makoki a gidansa, aka ɗauke wuta da rana tsaka, aka tada janareta, ƙararsa ta hana a ji addu'ar liman. Na zagaya bayan gida in ce a matsar da shi. A nan na ga ƙofar sito a buɗe, ga kwalaye shida a jingine da bango, ƙura ta rufe su, ko igiyar da aka ɗaure su da ita ba a yanke ba. Ina tsaye a wurin matarsa, Hajiya Asma'u, ta fito daga ƙofar kicin da carbi a hannu.

"Masu sola da yawa sun zo, Yaya," ta ce. "Har na ofishinsu. Sai ya ce rufin nan na Yaya ne. Na yi faɗan man janareta har na haƙura."

Ba da zafi ta faɗa ba. Ta koma ciki. Na aika a kira mini Habiba. Ta zo ta tsaya nesa kaɗan, ta ja mayafinta.

"Kin san da waɗannan?" na ce.

"Na sani."

"Ranar Asabar zan zo da Bulus. Ina so ki riƙe mini mita."

Ta dubi kwalayen, ba ni ba.

"Baba, ya tambaye ka a asibiti. Sau biyu. Na ce masa kana da aiki a Karmo. Ya ce a ƙyale ka ka gama."

Na sa hannu na share ƙurar da ke kan kwali ɗaya.

"Ba yanzu ba, Baba," ta ce. "In na shirya zan kira ka."

Shekara biyu ke nan. Habiba ba ta yanke ni ba, kada wani ya ce ta yi. Duk Juma'a tana zuwa Nyanya, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gwiwata, ta aje wa Mamanku cefane. Maganar nan ce kawai ba ta taɓawa. Bulus ya ce ni da shi rabin yini ya ishe mu, ya ce fanel ba ya son dogon ajiya, ni ma ba yaro ba ne. Duk gaskiya ne. Amma mutum uku Bashir ya nema a kan rufin nan, ni da Habiba da shi kansa, shi ya tafi, ba zan hau da wanda bai ambata ba in bar wadda ya ambata.

Nura, Sadiƙu, in wani ya tambaye ku wa ya koya wa ubanku ɗaga fanel daga kwano, ku ce Baffanku Bashir ne, da buta. Ban gode masa ba yana raye.

Fanel ɗin nan shida suna cikin kwalinsu a bayan gidansa. Ban ɗora su ba, Habiba kuma ba ta kira ni ba tukuna.